Huda a Tagar Baba

Talata, uku ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa daga ni da Baba. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti bai sha kanki ba. Mu nan lafiya lau, sai tarin da ya kama ni makon jiya, shi ma ya sake ni.

An yi wa Baba aikin yanar ido ranar Alhamis, yau kwana goma sha biyu ke nan, kamar yadda kika shirya da likitan ido. Da idon dama aka fara. Ya shiga yana yi wa mai jinya faɗa, wai shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota ba wanda ya taɓa riƙe masa hannu. Da ya fito ni ce riƙe da hannun. Bayan kwana biyu aka cire bandeji. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce ashe na tsufa bai sani ba.

Likita ya ce a kiyaye masa haske mai ƙarfi da ƙura, a riƙa ɗiga magani sau huɗu a rana. Saboda haka na rufe tagar ɗakinsa mai kallon titi, na toshe gefe-gefenta da kwalin da ake kawo mini yadi a ciki, na rataya bargo a ƙofa. Ɗakin ya yi duhu sosai. Keken ɗinkina ma na jawo shi bakin ƙofarsa don in ji idan ya yi kira.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta miki. Rana ta huɗu da hantsi ya kira ni da wata irin murya, na ɗauka faɗuwa ya yi. Na tarar da shi zaune a bakin gado ya zuba wa bango ido. Ya ce in saki bargon in zauna in yi shiru. Ya ce mutane ne ke wucewa a bangon, ƙafafunsu sama, kawunansu ƙasa, ga gajimare yana tafiya a kan tabarma. Yaya, ban tashi daga wurin ba sai azahar, har rigar matar mai kanti da na yi alkawari ban gama ba. Tun ranar kullum da hantsi muna zaune muna kallo. Jiya ya ce ga Gwaggo can ta wuce a kife, kayan da ke kanta ko motsi bai yi ba. Ya yi ta dariya har na ji tsoro kar ɗinkin idon ya buɗe.

Rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun kafin rasuwar Inna. Abinci ma yanzu yana cinye kwanonsa.

Ke da kika yi karatun kimiyya, don Allah me ke kawo haka? Shi ya ce in tambaye ki. Direban da ya saba kawo miki saƙo zai tashi gobe, shi zan ba takardar.

Ƙanwarki,
Auta

*

Lahadi, takwas ga wata

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Muna lafiya, yara suna makaranta. Ki gaishe da Baba, idan har yana gane gaisuwa.

Na karanta takardarki sau uku a tsaye a ƙofar ɗakin gwaji, ina neman wurin da za ki nuna kin fahimci abin da hannunki ya rubuta. Ban samu ba. Kin ba ni labarin tarinki, da kwali, da rigar matar mai kanti, sannan can ƙasa kika sako mini cewa mahaifinmu yana ganin mutane a kife a bango, kamar kina ba ni labarin farashin zare.

Gwaggo shekararta shida a ƙasa. Ke kika yi ta kuka a ranar har aka riƙe ki. Yau tsoho ya ce ya ga ta wuce da kaya a ka, ke kuma abin da ya dame ki ɗinkin ido.

Kin tambaye ni me ke kawo haka. Ruɗewar ƙwaƙwalwa ke kawo shi. Yana samun tsofaffi bayan an yi musu aiki, musamman idan aka kulle su a duhu kamar buhun hatsi. Likita ya ce a rage masa haske, bai ce a haƙa masa kabari ba. Na san a aji uku kika ajiye littafi kika ɗauki almakashi, amma wannan bai kai a nemi takardar shaida kafin a gane shi ba. Kuma maimakon ki dawo da shi hanya, sai kika ja kujera kika zauna kina taya shi kallo. Ko jaririya aka bar masa da ta fi haka amfani, ita aƙalla za ta yi kuka maƙwabta su shigo.

Ki amsa mini waɗannan, a taƙaice, ba tatsuniya nake so ba. Ya san ranar da ake ciki? Yana kiran sunanki daidai? Yana barci? Jikinsa da zafi? Fitsari yana masa zafi? Waɗannan mutanen nasa suna masa magana, ko wucewa kawai suke yi?

Ni ba zan samu fita yanzu ba. Mu biyu ne kawai ke gwajin jini a wannan watan, ɗayar kuma ciki gare ta. Amma Baban yara zai bi ta wajenku ranar Laraba a hanyarsa ta aiki. Na ce ya tsaya ya duba mini da idon mai hankali. Ki karɓe shi da mutunci, kar ki cika shi da surutu.

Yayarki

*

Asabar, ashirin da ɗaya ga wata

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ke kuwa ban san halin da kike ciki ba, tunda kwana goma sha uku ke nan ko layi ɗaya ban gani ba. Tambaya shida na yi miki. Idan alƙalami ya yi miki nauyi ki ba yaron maƙwabta ya rubuta.

Baban yara ya dawo, kuma abin da ya faɗa ya fi wanda na zata muni. Ya ce ya iso bayan la'asar, kika shigar da shi ɗakin, ya tsaya ya dubi bangon da kyau. Ba komai sai farin fenti da tsagewar da ke nan tun muna yara. Baba ya ce masa ya makara, da yamma ba su cika fitowa ba. Sannan ya kama hannunsa ya kai shi bakin taga, ya nuna masa wata 'yar huda a jikin ƙarfen, ya ce ta nan suke shigowa, su da motocinsu da awakinsu. Baban yara ya ce ya ga zare biyu an ɗaura daga taga zuwa bango, ga zane-zanen biro, ga rigar matashin kai an maƙala a sanda. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ke. Ya ce kina tsaye kina gyaɗa kai, har kina cewa ya zauna ya jira zai gani.

Na yi magana da wani likita a nan. Ya ce akan samu mai jinya ta ɗauki ruɗun majinyaci idan su biyu ne kaɗai a gida, musamman idan ita ma kanta ba wani nauyi ne da shi ba. Ƙarshen maganar nawa ne, ba nasa ba.

Ga ƙwayoyi nan a cikin ambulan. Rabi da safe, ɗaya da yamma. Ki cire zaren nan, ki liƙe hudar da filasta, ki goge zanen. Idan ya ce ya ga wani abu ki ce masa babu, kar ki yi masa kara. Na fara neman masa gado a ɓangaren masu taɓin hankali na asibitinmu. Idan ya samu zan aiko mota. Daga nan kuma wurina zai zauna, don na ga iyakar riƙonki.

Ba shawara nake ba ki ba.

Yayarki

*

Alhamis, goma ga sabon wata

Likita,

Tunda haka kowa ke kiranki a gidan nan, bari ni ma in bi sahu. Sallama. Ina fata kina lafiya, da yara, da mai idon hankali. Ni lafiyata ƙalau. Baba yana da ɗinki uku a gira, sama da idon da aka yi wa aiki. Zan zo kan wannan.

Na amsa tambayoyinki shida tun washegarin da suka iso. Motar direba ce ta lalace a hanya, takardar ta yi kwana goma sha biyu a aljihunsa, ya dawo mini da ita duk man inji. A cikinta na gaya miki cewa Gwaggon da Baba ya gani ba ƙanwarsa marigayiya ba ce. Tsohuwar da ke sayar da gawayi ce a tsallaken titi, duk layin nan Gwaggo ake ce mata. Shekararta huɗu a nan. Da kina kwana fiye da ɗaya idan kin zo, da kin san ta.

Mijinki kuma ya shigo daga cikin hasken rana mai ƙyalli, ko takalmi bai cire ba, ya tsaya daidai tsawon tsayuwar mai karɓar canji, yana duba agogo. Ido sai ya saba da duhu kafin ya ga abin, kuma da yamma rana tana dukan tagar ne, titin yana inuwa. Na ce ya zauna, ya ce wandonsa fari ne.

Duk da haka na bi umarninki, kuma wannan ne abin da ba zan yafe wa kaina ba. Da na karanta zancen mai jinya da ke ɗaukar ruɗu, sai na fara shakkar kaina. Na ce ke ce mai ilimi, ni tela ce, ƙila idona ne ke yi mini ƙarya. Na liƙe hudar. Baba yana kallona ina tsinke zarensa bai hana ni ba, cewa kawai ya yi, "Ke ma kin gani fa, Auta." Na ce masa babu komai a bango, kamar yadda kika koya mini.

Kwana takwas yana shan ƙwayarki. Ya daina magana, ya daina cin abinci sai na ɗura masa. Yana zaune miyau na zuba a rigarsa, mutumin da ko maɓalli ɗaya ya tsinke ba ya fita. Rana ta takwas ya tashi zai je bayan gida, ƙafa ta ɗauke, ya bugi bakin rijiya. Da ya sauka ƙasa da faɗin yatsa ɗaya, da idon ya tafi. Likitan ido da ya ɗinke shi ya juya ƙwayar a hannunsa, ya tambaye ni wane ne ya rubuta wa mutumin da bai taɓa gani ba wannan. Na rufa miki asiri, na ce wani ne. Ya ce a daina daga yau.

Washegari da hantsi na tsallaka titi na kamo hannun Gwaggo mai gawayi, na zaunar da ita a ɗakin ban gaya mata komai ba, na ɓare filastar. Ta yi ta mita wai na raba ta da ciniki. Sai kuma ta ƙura wa bango ido. Can ta ce, "Wancan ba rumfata ba ce? Wa ya rataye mini akuya?" Bayanta na kawo mai kanti, na kawo mai gyaran rediyo, na kawo malamar da ke haya a gidan baya. Duk sun gani. Sai ki nemi gado shida a asibitin naku, ki aiko babbar mota.

Zaren da mijinki ya gani, ga aikinsa. Baba ya ce idan kan mutum yana sama a waje amma ya faɗo ƙasa a bango, to hanyarsa ta ratsa ta ƙafa a bakin hudar. Shi ne ya ɗaura zare ɗaya daga hudar zuwa inda kan fitilar titi yake faɗowa, ɗaya zuwa inda gindinta yake, ya ce idan ka miƙa su waje a zuci za su taɓa fitilar daidai. Ya sa na yi huda iri-iri a kwali, ta ƙusa, ta biro, ta yatsa, ta marfin kwalba. Babba tana ƙara haske amma fuskoki su narke. Ƙarama tana fito da har rubutun allon mai kanti, amma sai ka ƙura ido. Da muka yi huda biyu, titi biyu muka samu. Rigar matashin kai kuma, idan ka matso da ita kusa da taga, duk layinmu yana shiga cikinta.

Wannan shi ne haukan. Kwana biyar ke nan da daina ƙwayar, ya fara ci da hannunsa, jiya ya nemi zarensa. Idan motarki ta zo, a ƙofa za ta same ni.

Auta

*

Laraba, goma sha shida ga wata

Auta,

Na samu takardarki. Muna lafiya. Ki duba mini girar Baba, idan wurin ya yi ja ko yana ruwa ki mayar da shi wurin likita kar ki jira.

Zancen gado na janye shi.

Ba don tsiwarki ba, kar ki ɗauka. Na kai takardar taki wurin babban likitan ɓangaren ne don ya ga yadda abin ya kai, har maƙwabta sun shiga. Tsoho ne mai son jin muryarsa. Ya karanta a gaban ɗalibansa huɗu, da ƙarfi, har da zancen farin wando. Da ya zo kan huda biyu titi biyu sai ya cire tabarau ya tambaye ni a wace makaranta na yi sakandare. Yaran suka yi ta danne dariya. Kwana uku ke nan ina bi ta bayan ɗakin wanki don kar in haɗu da su. Wannan kyautarki ce, na gode.

Da a takardar farko kin rubuta kalma ɗaya, huda, da duk wannan bai faru ba. Kin ba ni labarin bargo da kwali da kwanon abinci, kin bar abu ɗaya da ke da amfani. Kin ce Gwaggo, kamar Gwaggo ɗaya ce ba mu da ita a kabari. Mutum yana nesa, abin da aka rubuta masa shi yake gani. Kuma ke da kike ganin abin da idonki, wa ya ce ki ƙaryata idonki don na aiko takarda? Wannan ma rashin nauyin kai ne.

Tunda kun mayar da abin abin mamaki har kuna tara unguwa, ga bayaninsa, ki karanta masa ya huta. Haske a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Wanda ya taso daga kan mutum ya bi ta huda, dole ya sauka ƙasan bango. Wanda ya taso daga ƙafa ya haura sama. Shi ke nan. Akwatin ɗaukar hoto haka yake aiki. Idon mutum ma haka ne, baƙin tsakiyar nan huda ce, hoton duniya a kife yake faɗawa a bayan ido, ƙwaƙwalwa ce ke miƙar da shi. A aji biyu aka koya mana, shafi ɗaya ne da zanen kyandir, mun haddace mun rubuta a jarrabawa. Ke ma kin zauna a ajin, sai dai na san lokacin kina zanen hannun riga a bayan littafi. Abin yara ne. Ba sai an kira mai gawayi ta bar cinikinta ba.

Ku rage zaman duhun nan, ya riƙa fita yana miƙe ƙafa. Sauran ƙwayoyin ki zuba su a masai, kar yaran maƙwabta su tsinta.

Yayarki

*

Litinin, ashirin da takwas ga wata

Yaya,

Sallama. Ina fata kowa lafiya. An cire wa Baba zaren gira, wurin ya bushe, sai tabo. Yana fita da safe da baƙin tabarau har bakin kanti ya dawo. Likita ya sa ranar aikin ido na biyu wata mai zuwa.

Na nemi kalmar haƙuri a takardarki har bayan ambulan na duba. Na ɗauka ko ita ma a aljihun direba ta maƙale.

Na karanta masa, kamar yadda kika ce. Wurin rashin nauyin kaina na tsallake, ba don ke ba, don shi. Da na zo kan haske a miƙe yake tafiya, ya buga cinya ya ce ai zarensa ya riga ya gaya masa. Da na zo kan ido ya ce in maimaita. Na maimaita sau uku. Ya sa na kawo madubi ya daɗe yana duban baƙin idonsa. Ya ce wato shekara saba'in da huɗu duniya tana shigo masa a kife, duk tudu da gangaren da ya tuƙa mota a kai, wani abu a cikin kansa yana juya masa su bai taɓa neman lada ba. Ya yi ta jinjina kai yana tasbihi.

Sai na karanta wurin aji biyu da abin yara. Nan ya ajiye madubin. Na ɗauka haushi ya ji an ce masa yaro. Da ya buɗe baki, ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ashe ta sani tun tana 'yar shekara goma sha uku. Ni nake ɗauko ta daga makaranta duk hutu, tana gaban mota kusa da ni, tafiyar yini guda. Ta san wannan abu tana zaune, ba ta taɓa gaya mini ba?"

Na ce ƙila kin manta ne. Ya ce wannan ba abin mantawa ba ne.

Bai yi zancen ƙwaya ba, bai yi zancen gadon asibiti ba, ko da yake ya sani, don Gwaggo mai gawayi ba ta iya riƙe magana. Wannan ɗaya ce ta tsaya masa.

Ya ce tunda kina da irin waɗannan a ajiye, yana da tambaya uku. Ni dai 'yar aike ce, a aji uku na tsaya.

Ta farko. A ƙarƙashin bishiyar tsakar gida, ɗigon hasken da ke faɗowa ƙasa duk zagayayyu ne, alhali tsakanin ganye ba zagaye ba ne. Shin kowane ɗigo hoton rana ne, ganyen ne suka yi mata huda?

Ta biyu. Idan haske tafiya yake yi, to yana cin lokaci a hanya kamar mota? Na rana yaushe ya taso kafin ya iso mana?

Ta uku ita ce ke hana shi sakat. Ya ce ya san gada mai cin mota ɗaya, idan biyu suka haɗu a kanta sai an kwashi gawa. To ga huda ko ɗan yatsa ba ya shiga. Hasken rumfa, da na akuya, da na jar rigar mai kanti, da na sararin sama gaba ɗaya, duk suna kutsawa ta cikinta lokaci guda, wasu na hawa wasu na sauka. Me ya hana su karo? Me ya sa ja bai fito da shuɗi a jikinsa ba?

Idan su ma abin yara ne, sai ki amsa a layi uku mu huta.

Ƙanwarki,
Auta

*

Juma'a, ɗaya ga wata

Auta,

Gaisuwa gare ki da Baba. Muna lafiya. Ranar aikin ido na biyu ki aiko mini da ita da wuri, kuma ki rubuta ta da lamba, don bakwai ɗinki da ɗaya ba su da bambanci.

Wannan ki karanta masa duka, kar ki tsallake komai.

Baba, ta farko ka yi daidai. Kowane ɗigo rana ce sukutum. Ni a gindin bishiyar nan na yi wanki shekara da shekaru ban lura ba.

Ta biyu, yana cin lokaci. Ba abin da ya kai shi gudu, amma rana tana da nisan da sai ya yi minti takwas da 'yan kai kafin ya iso. Ranar da kake gani a tsakar gida ta minti takwas da suka wuce ce. Akwai taurarin da haskensu ya taso tun ba a haifi kakanka ba, yanzu yake isowa.

Ka ce ban taɓa gaya maka ba. Gaskiya ne. Ban manta ba, ban dai san akwai abin faɗa a ciki ba. Na rubuta shi a jarrabawa aka ba ni maki, na rufe littafin.

Ta uku na kwana biyu a kanta. Na buɗe tsofaffin littattafaina. Na ajiye girman kai na je wurin tsohon likitan da ya yi mini dariya, ya jero mini manyan kalmomi, da na ce ya faɗa yadda direba zai gane sai ya tuna yana da majinyaci. Ranar Litinin zan je wurin malamin kimiyya na makarantar yarana, na riga na aika masa.

Kafin nan, Auta, ki gaya masa ban sani ba. Da waɗannan kalmomin za ki faɗa, kar ki yi musu kwalliya.

Yayarki